Junju da Kewayenta: Waiwaye kan Tarihin Wani Gari na Bakin Dallol

Gabatarwa

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Nijar yana neman Junju, sai ya gangara da yatsa can kudu maso yamma, inda ƙasar ta tsuke tsakanin Najeriya da Benin, kafin ya ci karo da sunan. Ko ya same shi ma, da rubutun Faransanci zai gan shi, wato Dioundiou, domin Turawan da suka fara sa shi a takarda sun rasa harafin da ya dace da "j" irin tamu, sai suka haɗa "d" da "i" suka maye gurbinta. Ma'aikacin da aka turo nan daga Yamai yakan ce an jefa shi ƙarshen ƙasa. Ɗalibanmu da yawa su ma haka suka ɗauka: garinsu lungu ne, tarihi kuwa a Sakkwato da Damagaram da Gao aka yi shi.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu cewa zaman bakin iyaka baƙon abu ne gare mu, bai wuce shekara 120 da ƴan kai ba. Kafin nan wannan yanki mahaɗa ce ta hanyoyi da harsuna da dauloli, kuma rayuwar da muke yi a yau, daga gonar rake har zuwa cin kasuwar Kamba, ba ta fahimtuwa sai an koma ga wancan asali. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Ƙasa da ruwa

Tarihin Junju daga kwari ya fara. Kalmar "dallol" ta Fulatanci ce, ma'anarta kwari mai faɗi, kuma ana kiran tsofaffin hanyoyin ruwa da ita, waɗanda dubban shekaru da suka wuce suke kwararowa daga arewa suna zuba cikin kogin Kwara. Uku ne a jahar Dosso: Dallol Boso a yamma, wanda ya faɗa kogi a Bumba, da Dallol Mawri wanda ya biyo ta Dogon Dutsi ya ratso ƙasarmu ya nufi wajen Gaya, sai Dallol Foga wanda ya haɗe da na Mawri a kudu. Kogunan sun ƙafe tun zamani mai nisa, amma ruwan bai tafi duka ba, ya kwanta ne ƙarƙashin rairayi. A kan tudu sai an yi gaba da yawa kafin a cim ma ruwan rijiya, a cikin kwari kuwa akwai wuraren da gaba ɗaya ko biyu ta isa, ga kuma tafkuna da ke kai wa tsakiyar rani ba su ƙafe ba.

Wannan ne ya raba aikin shekara gida biyu. Da damina manomi yana tudu da hatsi da dawa da wake da gujiya. Da an yi girbi an ɗaure damma an cika rumbu, sai a gangara fadama, inda rake da rogo da dankali da shinkafa suke. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, mu kuma da ke arewa da ita muna samun abin da ya ɗan gaza haka. Daga nan zuwa kudu dajin giginya ya miƙe, kuma babu abin yarwa a jikin giginya: azara ta rufin ɗaki, ganye na saƙa, ƴaƴa na ci, ga muruci da mata ke dafawa su kai kasuwa. Saboda darajar wannan dausayi ne aka sa Dallol Mawri cikin jerin wurare masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2004.

Mutanen kwari

Inda ruwa yake, nan jama'a ke taruwa. Daga cikin tsofaffin mazaunan kudancin kwarin akwai Kyangawa, waɗanda garuruwa irin su Yelu da Bana a Nijar, da Kyangakwai a Najeriya, suke riƙe da sunansu. Harshensu ɗan'uwan Busanci ne na ƙasar Bargu, kuma yau mafi yawansu sun koma Hausa ko Dandanci, tsiraru ne suka rage masu jin harshen kakanni. Daga arewa Arawa suka gangaro, waɗanda maƙwabtansu Zabarmawa ke kira Mawri. Labarin gargajiya ya danganta sarautarsu da Ari, ɗan sarkin Barno, kuma rassan gidan sun bazu daga Matankari zuwa Tibiri da Kara-Kara, suna bin kwari kamar yadda ruwa ya bi shi. Daga gabas akwai Kabawa, masu daular da Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai, ya gina Surame. Daga bakin kogi akwai Dandawa, waɗanda ƙasarsu ta zama mafakar Askiyoyi bayan da sojojin Maroko suka karya Sanwai a Tondibi a 1591. Ga Zabarmawa a yamma, ga Fulani da shanunsu masu bin ciyawar fadama da ƙasa mai gishiri.

Hausa ce ta zama igiyar da ta ɗaure waɗannan jama'a, kuma Hausar tamu ta yamma ce, ƴar'uwar ta Argungu da Dogon Dutsi. Yaronmu "munka tahi" yake cewa a gida, sai ya zo lakwal ya tarar da "muka tafi" a allo. Bai kamata malami ya nuna masa cewa ta gida kuskure ce ba. A koya masa daidaitacciyar Hausa domin rubutu, a kuma sanar da shi cewa wadda ya tsotsa a nono tana ɗauke da shaidar inda kakanninsa suka fito da waɗanda suka zauna da su.

Gishiri da goro

Abin da ya fitar da sunan wannan yanki zuwa nesa shi ne gishirin Foga. Da rani, idan ƙasar kwarin ta bushe, gishiri yakan taso ya yi fari a samanta. Sai a kankare wannan ƙasa a tara, a zuba ta cikin mataci na kaba ko ciyawa, a kwarara ruwa a kai. Ruwan da ya tsiyaye a ƙasa shi ake dafawa a tukwane har ya ƙafe ya bar gishiri, a cure shi, a naɗe a ɗora wa jaki. Ƙasar da aka tace kuwa gefe ake zubar da ita, shekara bisa shekara, har ta zama tuddai.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ratsa Foga cikin watan Yuni na 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi. Ya ga tungayen masu dafa gishiri a kan irin waɗannan tuddai, ya kuma bayyana aikin kusan yadda ake yin sa har zamaninmu. Tudu ba ya tashi a dare ɗaya, saboda haka girman da ya tarar shaida ce cewa sana'ar ta daɗe ƙwarai kafin zuwansa.

Gishirin bai tsaya a nan ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatake masu zuwa Gwanja ta biyo ta ƙasar Kabi ne, ta ƙetare Kwara a mashigai irin su Gaya da Illo, ta shiga Bargu, ta bi ta Jugu da Sansanin Mango har Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Ayari yakan tafi da tufafi da kanwa da gishiri da fatu, ya komo da goro, kuma tafiya da dawowa takan ci watanni da yawa. Garuruwan da ke kusa da hanya su ke sayar wa ayari hatsi da ciyawa da abincin zango, sarakuna kuma su karɓi fito. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan fataucin goro a 1980, da wani a kan gishiri a 1986, kuma Foga tana cikin wuraren da ya yi bayani a kansu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin ɗan Junju a zangon Kumasi ko na Akara ba. Hanyar da kakansa ya bi da jaki ce yake bi da mota.

Tsakanin Gwandu da Argungu

Arziki yakan jawo ido. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, Birnin Kabi ya faɗi a 1805, ƙasashen yamma kuma suka shiga rabon Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, mai zama a Gwandu. Hanyar da ta haɗa Gwandu da Sayi da sauran ƙasashenta na ƙetaren kogi ta cikin kwarurukanmu ta ratsa, don haka riƙe Foga ya zame mata dole. Amma Kabawa ba su kwanta ba. Sarkinsu Karari ya yi ta gwagwarmaya daga Argungu har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya sake ɗaga tuta a 1849, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara masa baya. Tsakiyar wannan wuta Barth ya ratsa, ya tarar da garuruwa a kango, da Fulanin Foga cikin ƙunci, da Yelu a sahun masu tawaye.

An samu sararawa da sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, kafin yaƙi ya sake tashi har zamanin Sama'ila, wanda ya hau gadon Argungu a 1883. Ga talaka, abin da wannan ƙarni ya haifar shi ne noma da kwari da baka a gefen kunya, da taruwa a manyan garuruwa domin tsira, da ƙawance da gaba tsakanin gidajen sarauta waɗanda har gobe ake jin ƙanshinsu a cikin kirari da wasan barkwanci. Gabar Sakkwato da Argungu ba ta mutu sarai ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa wasan su wanda ya zama asalin bikin kamun kifin da duniya ta sani.

Fabrairu 1899

Masifar da ta fi kowace ta zo ne daga inda ba a zata ba. A ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Paris, suka raba ƙasashen da mafi yawansu ba su taɓa takawa ba. A cikinta an ce iyaka za ta tashi daga bakin Kwara ta bi tsakiyar Dallol Mawri, har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, daga birnin Sakkwato. Ke nan a takarda an tsaga kwarinmu biyu kamar ɓawon gujiya, gabas ta Ingilishi, yamma ta Faransa, alhali masu noma shi ba su da labari.

Domin tabbatar da rabonta, Faransa ta tura rundunar kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta nufi tafkin Cadi. Jama'ar da ke cikinta sun haura dubu in an haɗa sojoji da ƴan dako da matan da aka kamo, kuma ba su da guzuri sai abin da suka ƙwace. Tun a Sansane Hausa, a bakin kogi, cikin Janairu 1899, suka fara kisan gilla. Taro irin wannan ba ya tafiya sai inda ruwa da hatsi suke, shi ya sa suka kama hanyar dallol, a lokacin da rumbuna ke cike da amfanin kaka. Cikin watan Fabrairu suka auka wa Junju, suka kashe jama'a masu yawa, suka watsa garin. Daga nan suka haura arewa, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu ranar 16 ga Afrilu, suka yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca cikin Mayu. Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta turo ya tsayar da su, da toka da gawarwaki ya riƙa gane sawunsu. Ya cim musu kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun.

Lugu ta samu marubuci. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Abin da ya faru a Junju kuwa a bakin tsofaffi ya zauna kusan ƙarni guda, ɗalibi yana iya gama karatunsa na sakandare a garin bai ji shi a aji ba. Sai a shekarun baya-bayan nan, da ƙoƙarin wani malamin tarihi na garin, maganar ta fito fili. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya ɗauko muryoyin jikokin waɗanda abin ya shafa, aka kuma kai kuka gaban masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 Faransa ta amsa cewa a shirye take a tattauna, ba tare da ta ɗauki alhakin abin da ya faru ba.

Layin da aka ja

Iyakar 1898 ba ta ɗore ba, domin Faransawa sun gano cewa rabon da suka samu a arewacin da'irar Sakkwato ba shi da rijiyoyin da za su kai su Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, sannan kyaftin Tilho na Faransa da manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku tun daga Kwara har Cadi. Layin ya koma gabas da kwarin, Junju ta faɗa hannun Faransa, Kamba da Kangiwa da Argungu suka faɗa hannun Ingila.

Jama'a ba su ɗauki layin a bakin komai ba tun farko. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya tayar wa Faransawa da bore a Kobkitanda cikin ƙasar Dosso. Da aka murƙushe shi sai ya ƙetara zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka yi wa sojojin Ingila mummunar ɓarna a Fabrairu 1906, kafin a rushe garin cikin Maris. Bayan haka ma, duk lokacin da lanho da aikin tilas suka yi tsanani a wannan gefe, sai gidaje su kwashe su koma wajen dangi a gabas, har aka soke aikin tilas a 1946. Da aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, babbar hanyar mota ta miƙe daga Dosso zuwa Gaya, kaya suka koma bin kwalta daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Gishirin teku mai araha ya cika kasuwa, na Foga ya koma na masu sha'awa da na dabbobi. A nan ne garin da ke kan hanya ya wayi gari a gefen hanya.

Zaman yau

Junju ta daɗe ƙarƙashin Gaya kafin dokar 2011 ta ɗaga ta zuwa gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi uku: Junju da Kara-Kara da Zabori. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 100,000 a cikinta. Rake ne ya gaji gishiri wajen fitar da sunanmu, motoci na lodinsa da sanyin hunturu zuwa Dosso da Yamai. A kasuwa sefa da naira tare suke yawo, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yi maka canjinsu da ka ba tare da kuskure ba. Aure da suna da ta'aziyya ba su san duwan ba, domin zumunta a ƙafa take.

Sai dai duk lokacin da manya suka saɓa, a jikinmu ake ji. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashen yankin suka sa takunkumi, gadar Gaya ta tsaya cik, matafiya suka koma jiragen ruwa, iyakar Najeriya kuma ba ta buɗe ba sai a Maris 2024. A wannan shekara ce kuma sunan ƴan bindigar da ake kira Lakurawa ya cika bakin jama'a a gefuna biyu na iyaka. Dajin da ya ɓoye masu gudun lanho a jiya, shi ne ya zama abin tsoro ga manomi da ɗan kasuwa da malamin makaranta.

Kammalawa

Yaron da aka koya wa cewa garinsu lungu ne, da wuya ya ga abin da zai tsaya ya kare a cikinsa, kuma shi ne mai saurin bin duk wanda ya zo masa da wani labari. Saboda haka wannan aiki namu ne, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma matsayi a takarda ba ya cika allo, sai an samu abin karantawa. Kowane aji yana iya ɗaukar unguwa ɗaya ko tunga ɗaya, ɗalibai su zauna gaban tsofaffi da ladabi, su rubuto jerin sarakuna da limamai, da sunayen rijiyoyi da tafkuna da dalilin sunayen, da kalmomin masu dafa gishiri da masu sassaƙa azara, da abin da kowane gida ya riƙe game da shekarar 1899. A rubuta da Hausar da aka faɗe shi, a sa sunan gari da ranar da aka ɗauka, a ajiye kwafi a makaranta, wani a hannun ƙungiya. In akwai mai jin Kyanganci a kusa, da shi ya kamata a fara.

Waɗanda suka ji labarin Fabrairu 1899 daga bakin wanda ya gani da idonsu sun kusa ƙarewa, kuma kowace damina tana tafiya da wasu. Wayar salula da ke aljihun kowane malami ta isa ɗaukar murya, littafin rubutu kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi tun masu ba da labarin suna raye.